Abin da Tulin Kwal Ya Gaya Mini

Ni ne Joldosh, mai hura wutar jami'a,
a wani gari can gindin duwatsun ƙasar Kirgiz,
inda sanyi ke cizon kunne har ya daina zafi.
Ban yi boko ba. Shebur ne alƙalamina.
Amma shugabanni biyu na karance su tsaf
daga tulin kwal ɗin da ke ƙofata.

Na farko Farfesa Kudaibergen,
mai harshe kamar zuma a kunnen manya.
A takarda mota goma ake sayo mana,
shida ke isowa,
huɗu su narke a hanya kamar ƙanƙara a tafin hannu.
Bai taɓa ce wa kowa ya yi sata ba.
Magatakarda dai ya ga sabon gida a bakin tafki,
sai ya yanka wa takardar shaida farashi.
Malamin lissafi ya ga motar magatakarda,
sai maki ya koma rago: kawo ɗaya, ka haye.
Ni ma, kada in wanke kowa in bar kaina da dauɗa,
buhu biyu nakan kai wa surukata duk Asabar.
Raƙumin gaba in ya saki hanya,
wa zai tuhumi na baya?

Yara na rubutu da safar hannu,
tawada ta daskare a bakin biro.
Aizirek, mai son zama likitar dabbobi,
ta yi tari tun farkon hunturu har ciyawa ta tsiro,
ta koma ƙauyensu. Gadonta aka ba wata.
Ranar yaye ɗalibai ya yi jawabi a kan amana.
Aka tafa.
Ni ma na tafa, da baƙin hannuna.

Sai Burul Temirkanova, malamar ilimin duwatsu,
gajeruwa, ba fara'a, ga saurin fushi.
Asubar farko na ji takalmi a matakala,
ban taɓa jin shugaba ya sauko nan ba.
Ta ce, “Buhu nawa ke fita?”
Na ce babu.
Ta dube ni har na ji wutar bayana ta yi sanyi,
ta ce, “To, daga yau ni da kai za mu fara ƙirga sabo.”

Ta manna kasafin kuɗi a ƙofar ɗakin cin abinci,
kowa ya karanta, har mai wanke tukwane.
Ɗan yayanta ya faɗi jarrabawa,
uban ya turo goɗiya da ɗanta har ƙofar gida.
Ta mayar da su da igiyarsu.
Tun daga nan ba a ƙara kiranta biki ba.
Ta taɓa korar mai gadi a kan laifin da bai yi ba;
da gaskiya ta fito, ta taka har gidansa cikin ƙanƙara,
ta roƙe shi gafara a gaban 'ya'yansa.

Ban ce duniya ta gyaru ba.
Malamin lissafi ya yi murabus yana zagi,
rufin ɗakin karatu bai daina yoyo ba.
Amma mota goma ta zama goma,
bututu ya yi ɗumi har hawa na huɗu,
yara suka cire huluna a aji.
Surukata ta yi fushi da ni wata uku.

Shekararta huɗu, aka ce ba ta da biyayya.
Ta tafi da jaka ɗaya da akwatin duwatsunta.

Sabo ya zo jiya. Ban ga fuskarsa ba tukun,
an ce ya iya magana.
Alhamis motocin kwal za su iso.
Zan tsaya a bakin ƙofa tun da duhu,
kuma wasu ɗalibai uku, ba ni na kira su ba,
sun ce za su zo da littafin ƙirga.